Abin da Doña Eduvina Ta Gani a Kwalba

A ƙauyenmu Los Litres, in mutum ya ɗaga tukunyar fure ko ya jawo tsohon takalmi daga ƙarƙashin gado ya tarar da baƙin gizo-gizo mai tulun ciki, ba ya tsayawa shawara da kowa. Kwalbar zuma yake nema ya kife shi, ya murɗa murfi, ya kama hanyar gidan Doña Eduvina. Shekara arba'in ke nan muna haka. Ita kuma sai ta goge hannu a siket, ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta juya ta sau ɗaya. Maganarta biyu ce rak: ko "ta gida ce," ko "ta alkama ce." In ta faɗi ta farko, kowa ya koma aikinsa. In ta faɗi ta biyu, kuma an riga an ciji wani, sai a nemi mota.

Ta gida ita ce wadda masu rediyo ke kira bazawarar bogi. Tana son bayan kabad da ƙarƙashin tukwane da lungun ɗakin kaji. Launinta irin na busasshen inabi ne, tana sheƙi, a gaban cikinta akwai ɗan farin layi a lanƙwashe kamar jinjirin wata. In ta cije ka wurin zai kumbura kamar harbin rina, wani ma ya kwana yana jin jiki, shi ke nan. Ta alkama kuwa, wadda tsofaffi ke kira mai jan gindi ba tare da jin kunyar kowa ba, a gona take zama, cikin kara da ƙarƙashin duwatsu. Baƙa ce wuluk, da ɗigon ja a ƙarshen bayanta. Babba in ta cije shi zai sha wuya ya tashi, ƙaramin yaro kuwa sai an yi da gaske. Matsalar ita ce mai tsoro in ya hango su daga taku biyu, duk ɗaya yake ganinsu.

Eduvina tana da shekara tara lokacin da ta alkama ta ciji ƙanenta Belarmino a gona, ranar girbi. Mahaifinsu ya yi abin da aka saba yi a wancan zamanin: ya murƙushe gizon ya goga a wurin cizon, ya ce yaron ya kwanta a inuwa, zai wuce. Sai da cikinsa ya ƙage kamar katako, gumi yana zuba, sannan aka ɗaura shanu a amalanke. Ita aka sa ta riƙe masa kai. Ba su kai gari da shi ba. Daga ranar ta shiga ɗaga duwatsu da leƙa lunguna, uwarta ta doke ta har ta gaji ta ƙyale ta. Aji uku ta yi a makaranta, amma kafin ta yi aure ta san inda kowacce ke kwana, da yadda take saƙa, da irin jakar ƙwan da take ratayewa.

Ba wannan ne sana'arta ba, don babu wanda ya taɓa cin abinci da gizo-gizo. Kamar yawancin matan yankinmu, karan alkama take kitsawa, dogon kitso mai faɗin ɗan yatsa wanda masu ɗinkin malfa ke saya. Da shi ta riƙe ɗanta Nibaldo bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai kaifin baki, kuma in za a faɗi gaskiya, mai son a ce ta sani. Ba ta karɓar ko ƙwai ɗaya in an kawo mata kwalba, amma in ta ji ka nuna wa wani kafin ita, sai ta yi wata ba ta amsa gaisuwarka ba.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, shekara biyu ke nan idonta yana dushewa. Ya fara kamar hayaƙin murhu da ya ƙi fita daga ɗaki, ya yi ta kauri. Ta koma gane mutum da muryarsa da takunsa, in za ta zuba shayi ta ɗora ɗan yatsa a bakin kofi. Kitso bai dame ta ba, yatsunta sun san hanya. Kwalba ce abin tsoro. Sai ta yi dabara: kafin ta ɗaga, ta tambaya a ina aka samo. In aka ce ɗaki ko lambu, ta gida ce. In aka ce gona, ta alkama ce. Sannan ta ɗaga, ta juya, ta ga wani duhu-duhu yana iyo cikin haske, ta faɗi abin da ta riga ta yanke. Dabarar ba ta taɓa ba ta kunya ba. Kullum tana ce wa kanta bayan girbi za ta faɗa wa Nibaldo ya kai ta wajen likita, har girbi biyu suka wuce.

Surukarta Yasna 'yar birni ce. Daga Concepción Nibaldo ya auro ta, inda take tuƙa motar rabon burodi. Tana da kirki, sai dai tun zuwanta sau biyu ta ɗaga hankalin ƙauye a kan gizo-gizo. Na farko ta kwashe kayan ɗaki kaf ta zube a tsakar gida. Na biyu ta sa maza suka bar tsinkar inabi da rana tsaka don wani abu ya ciji Nibaldo a wuya. Duka biyun Doña Eduvina ta ɗaga kwalba ta ce ta gida ce, duka biyun kuma gaskiyarta. Tun daga nan in Yasna ta wuce majalisar maza sai wani ya ce, "Señora, yau babu damisa a ƙarƙashin gado?" Takan yi dariya, amma ba har ciki ba.

Ranar da nake son ba da labari ranar sussukar gidansu ce, tsakiyar Janairu, lokacin zafi a wurinmu, rana kamar za ta fasa dutse. Sussuka a wurinmu gayya ce: a zube dammunan alkama a fili, a kewaye da turaku da igiya, a saki goɗiyoyi su yi ta zagaye suna tattakawa, mahaya a bayansu suna kora da ihu. Mai gona shi ke ciyar da kowa. Tun asuba Doña Eduvina take kan tukwane uku na farfesun kaza da dankali da kabewa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya, matan da ke taya ta sun tafi kai tukunyar farko rumfa, ta ji kukan jikarta Amparo daga lambu. Shekarar yarinyar huɗu, kuma wannan ba kukan faɗuwa ba ne. Can sai ga Yasna, yarinya a kafaɗa, kwalba a ɗaya hannun.

"Mama, duba min. A wuyan hannu ta cije ta. Na taka ta da takalmi kafin in tuna, amma ba ta lalace duka ba."

"A ina?"

"A lambu, jikin bango, bayan tukwanen furenki. Wai 'yar tsanarta take yi wa ɗaki."

Doña Eduvina ta goge hannu a siket, ta karɓa, ta ɗaga wajen ƙofa, ta juya sau ɗaya. Ta ga haske, ta ga wani baƙin tabo a ƙasa.

"Ta gida ce."

"Mama, kamar akwai ja-ja a bayanta."

"Kin murƙushe abu da takalmi kuma kina neman launi? Kayan cikinta ne. Shekara nawa nake da tukwanen nan? Ɗora mata ƙanƙara, ki kwantar da ita a ɗakina, ya fi sanyi." Ta juya wajen kukan. "Ke kuma ƙawata, wa ya aike ki gidan mutane ba ki ƙwanƙwasa ba?"

Amparo ba ta yi dariya ba. Yasna ta tsaya kamar za ta ƙara magana, sai ta haɗiye, ta ajiye kwalbar a kan tebur ta wuce ciki.

Doña Eduvina ta koma kan tukunya, amma maganar ja-ja ɗin nan ta tsaya mata a rai. Ta zuba gishiri sau biyu a tukunya ɗaya. Daga fili ana jiyo ihun mahaya da sautin jita. Ta yi ta nanata wa kanta cewa a lambu ne, me zai kawo ta alkama lambu? Ba a yi awa ba ta jiyo muryar Amparo ta cikin bango, ƙasa-ƙasa: "Mami, cikina. Mami, bayana." Cizon a hannu yake, ta gida kuma ba ta cika kai ciwonta nesa haka ba. Ta ji ƙofar ɗaki ta buɗe, ta ji takun Yasna da nauyin yarinya, ta ji an ɗauke kwalbar daga tebur. Yasna ta fita ta nufi fili.

A nan ya kamata ta kira ta. Ta san haka, ni ma da nake ba da labarin na sani, kuma har yau ina jin haushinta a kan wannan mintin. Amma ba ta kira ta ba. Ta zaɓi ta je ta tabbatar da kanta tukuna, ko Allah zai sa ta yi daidai kowa ya huta.

Ta durƙusa jikin bangon lambu tana lalube. Tukunyar fure ta farko babu komai, ta biyu haka. A ƙarƙashin ta uku ta sami saƙa, da jakar ƙwai mai laushi kamar auduga, ta gida sak. Har ta fara sauke numfashi. Sai bayan hannunta ya bugi katako a inda jiya da safe babu katako.

Ta shafa shi sama, ta gane. Kowace shekara ranar huɗu ga Oktoba muna kafa gicciyen katako a tsakiyar gonar alkama, a ɗaure masa furanni, a yi addu'a, a ci abinci a gindinsa. Nan yake tsayawa wata uku, alkama ta girma ta rufe shi. In an gama yanka sai mai gona ya tuge shi ya kawo gida. Mijinta a rumbu yake rataye shi. Nibaldo kuwa, da ya dawo jiya a gajiye, jingine shi ya yi a bangon lambu, bayan tukwane, bai faɗa wa kowa ba don bai ga abin faɗa ba.

Ta cusa yatsu cikin busassun furannin da ke ɗaure a mahaɗar katakon. Ta san in akwai wata a ciki za ta cije ta, duk da haka ba ta janye ba. Saƙar tana da tauri, ta yi ɗan ƙara da ta yage. A tsakiya ta taɓa wani abu zagaye, girman gujiya, mai santsi, mai tauri kamar takarda. Biyu ne ma. Yatsun da suka shekara sittin suna bambance kara mai kyau da marar kyau ba su yi shakka ba. Ta gida ba ta yin irin wannan jakar.

Daga lambu zuwa fili tafiyar minti biyar ce ga mai ido. Ta bi shingen waya da hannu ɗaya, ƙayarsa tana yankarta, ɗaya hannun a dunƙule. Ta faɗi sau ɗaya a magudanar ruwa, ta tashi ba ta kakkaɓe jiki ba.

A bakin igiya ta iske su, da muryoyi ta gane. Don Custodio ne ke magana, maƙwabcinsu, mai goɗiyoyin kuma mai mota ɗaya tilo da ke wurin. Motar asibiti in an kira ta sai an hau tudu an sami layin waya, sannan a jira ta awa biyu.

"Señora Yasna, ki yi haƙuri," yake cewa, numfashinsa yana warin giyar inabi. "In na tsayar da dabbobin nan yanzu suka huce, aikin mutum talatin ya lalace. Doña Eduvina ta duba ko ba ta duba ba?"

"Ta duba."

"Ta ce me?"

"Ta ce ta gida ce."

"To kin gani. Matar nan tun ina da gashi a kai take duba mana, ba ta taɓa kuskure ba. Zafi ne ya bugi yarinyar. A dama mata gari da ruwan sanyi, a mayar da ita inuwa, zai wuce."

"Nibaldo, taɓa cikinta," in ji Yasna. "Ba na son komai, taɓa kawai."

"Na taɓa, Yasna," in ji shi. "Amma Mama ta ce ta gida ce. In zuwa yamma bai sauka ba, ni da kaina zan kai ku."

Doña Eduvina ta ji kamar an ɗauke ta an mayar gonar mahaifinta. Kalmomin ma ba su canza ba: inuwa, zai wuce. Bambancin kawai wannan karon sunanta ne ya tsaya tsakanin yarinya da mota. Ta kutsa tsakaninsu, ta laluba ta sami ƙafar Amparo, ta bi har zuwa ciki. Ya ƙage. Rigar ta jiƙe sharkaf, yarinyar ma ta daina kuka, nishi kawai take yi.

"Custodio, kawo makulli. Ta alkama ce."

"Haba Doña, yanzu fa aka ce kin ce…"

"Daga gicciye ta fito. Ga ƙwanta." Ta buɗe hannu.

Bai ko kalla ba. Ya karɓi kwalbar daga hannun Yasna ya miƙo mata, yana 'yar dariya irin ta mai raba gardamar mata. "Kada kukan uwa ya ruɗa ki, Doña. Sake dubawa a hasken nan, a gaban kowa. Abin da idonki ya gani shi za mu yi."

Mai jita ya tsaya. Ta ji mutane sun matso, ta ji goɗiyoyi suna wucewa a bayan igiya, ƙasa tana girgiza. Ba zan yi mata ado ba: abin da ya fara zuwa ranta shi ne ta karɓa, ta ɗaga, ta juya, ta ce yanzu ta ga jan. Da an yarda, da an ba da makulli, da ta tsira da sunanta. Ta miƙa hannu wajen da take zaton kwalbar take. Hasken ranar ya cika mata ido fari fat, hannunta ya damƙi iska, tazarar taƙi guda daga kwalbar. Ta sake miƙawa, ta kamo hannun rigar Custodio.

Wani ya fara dariya, ya katse.

Ta sauke hannun a hankali. "Ba na gani, Custodio. Shekara biyu ke nan ba na gani. Ɗazu ma riƙe kwalbar kawai na yi. Ita ta ga ja, ta faɗa min, na rufe mata baki. Ba ta makulli."

Abin takaici, sai a lokacin wani ya tuna yana da ido. Shekara arba'in muna kai kwalba muna jiran a faɗa mana, har mun manta ana iya leƙawa. Nibaldo ya fizge kwalbar ya ɗaga.

"Ja ne," in ji shi. "Wayyo Allah, ja ne."

Custodio yana lalube aljihu Yasna ta riga ta miƙa wa mijinta yarinyar. Ta warce makullin. "Kai ka sha, Don Custodio. Ni zan tuƙa." Bai musa ba. Doña Eduvina ta bi ƙarar takunsu har jikin motar, ta dafa ƙofa mai zafi.

"Babu wuri, Mama," in ji Yasna.

Akwai wuri. Doña Eduvina ta sani, don ta sha shiga motar nan da buhunan kitso. Ta ɗauke hannunta. Motar ta tashi da ƙarfi, ta tsaya tana saurare har ƙarar ta sauka kwari, ta hau tudu, ta ɓace. Wata mata ta kama mata gwiwar hannu ta mayar da ita gida. Wannan ne karo na farko da aka yi mata jagora, kuma ba ta ƙi ba.

Kwana uku suka yi a asibiti. Ita kuwa ta zauna a kan kujerarta tana kitso tana warwarewa, abinci ya ƙi shiga. A rana ta biyu Custodio ya hau tudu ya buga waya, ya dawo da labarin cewa yarinyar ta sha ruwa, ta nemi 'yar tsanarta. Doña Eduvina ta kife fuska a cinya ta yi kukan da ba ta yi wa Belarmino ba. Daga baya muka ji cewa likita ya tambayi abin da ya sa aka daɗe ba a kawo ta ba, Nibaldo ya sunkuyar da kai, Yasna kuma ba ta ambaci sunan kowa ba.

Da suka dawo Amparo ta haye cinyar kakarta tana nuna mata inda aka yi mata allura, ita kuma tana shafawa. Yasna ta ajiye mata abinci, ta wanke mata kaya, amma mako biyu ba ta ce mata komai ba ban da gaisuwa. Kwalabe suka daina zuwa. Mutane suna gaishe ta da murya mai taushi, irin ta gaida marar lafiya, kuma wannan ya fi mata zagi ciwo.

Wata rana da hantsi wata maƙwabciya ta shigo da kwalba a hannu, ƙafarta ce ta kawo ta bisa sabo. Sai da ta iso tsakar gida ta tuna, ta tsaya tana kame-kame. Doña Eduvina ta ji ƙarar murfi, yatsunta suka tsaya a kan kitso. Yasna ta fito daga kicin, ta karɓi kwalbar, ta jawo benci ta zauna kusa da surukarta.

"Launin busasshen inabi," in ji ta. "Tana sheƙi. Akwai farin layi a gaba, a lanƙwashe."

"Bayanta fa?"

"Babu ja."

"Juya ta. Duba sosai."

"Na duba, Mama. Ni ina dubawa."

Doña Eduvina ta haɗiye wannan, don ta san ta cancance shi. Maganar tana kan harshenta, wadda ta faɗa sau ɗari-ɗari, tana jin maƙwabciyar ta juyo gare ta tana jira kamar kullum.

"To faɗa mata," in ji ta.

"Ta gida ce," in ji Yasna.

Matar ba ta motsa ba. Har yanzu tsohuwar take jira ta tabbatar. Doña Eduvina ta danne leɓe, ta mayar da yatsunta kan kara, ta ci gaba da kitso. Wata kaza ta gilma ta tsakaninsu. Can matar ta gyara murya, ta karɓi kwalbarta.

"Na gode, Señora Yasna," in ji ta.